Yadda Ndakotsu Ya Mayar da Komai Bakin Aikinsa

Ranar Litinin, 14 ga watan Afrilu, 2008, gari ya waye da zafi tun kafin rana ta ɗaga. Ganyen mangwaron ƙofar gidanmu a Kpakungu ko motsi ba ya yi. Can gabas akwai ɗan hadari siriri, irin wanda ya yi mako biyu yana yi mana alkawari yana saɓawa. A wannan safiya ce Malam Ndakotsu ya fito tsakar gida da littafi a hammata da biro a bayan kunne, ya yi gyaran murya, ya ce daga yau gidan nan zai san abin da ake kira tsari.

Gidan haya ne na Alhaji Ndanusa, ɗakuna a jere biyu suna kallon juna, famfo ɗaya, kicin ɗaya. Alhaji ya tsufa, yana zaune a Kaduna wajen 'ya'yansa. Shekara da shekaru Baba Sheshi ne wakilinsa a gidan, har ciwon ƙafa ya kwantar da shi, danginsa suka zo suka tafi da shi Bida. Sai Alhaji ya aiko cewa 'yan haya su zaɓi ɗaya daga cikinsu, su rubuto masa sunan a takarda, kowa ya sa hannu, domin shi bai yarda da maganar waya ba, wadda da an kashe ta bi iska. Wanda aka zaɓa zai koma ɗakuna biyun Baba Sheshi, kuma ba zai biya haya ba. Da yake ina koyarwa a makaranta, ni aka ba aikin rubutun. Na rubuta komai na bar gurbin suna, aka sa ranar Asabar bayan la'asar don cike shi.

Kowa ya san wanda ya fi bukatar ɗakunan nan. Ndakotsu ya yi shekara talatin da ɗaya yana kula da sito a wata ma'aikata, kuma tun da ya yi ritaya haya ta fi ƙarfinsa. Matarsa Aziza, wadda muke kira Maman Rashida, ta gaya mini a bakin famfo cewa in ba su samu ba, ƙarshen wata sai su tattara su koma ƙauye. 'Yarsu Rashidatu kuwa tana shekara ta biyu a jami'a a Gidan Kwano, daga gida take zuwa, ba ta da wani wurin zama a Minna. Da Ndakotsu ya zauna ya yi shiru, ba wanda zai ja da shi. Amma ya ce shi ba zai karɓi muƙami don tausayi ba, sai don an ga aiki.

"A sito," in ji shi, "kowane abu yana da suna, yana da lamba, yana da aikin da aka ƙera shi dominsa. Nan gidan kuwa na duba, kowa ya bar aikinsa yana yin na wani. Kafin Asabar zan mayar da komai bakin aikinsa."

Gaiya makanike, mutumin kudancin Kaduna da ke ɗakin da ke kallon nasa, yana goge baki a lokacin. Ya tofar da ruwa ya ce Allah ya ba da sa'a, Oga Sito.

Da cokali aka fara. Sakatar ƙofar gida ta karye tun da daɗewa, sai aka lanƙwasa wani tsohon cokali ana zura shi a ramin kwaɗo don ƙyauren ya tsaya da rana. Ndakotsu ya zare shi, ya ɗaga sama, ya tambayi matan da ke wanke-wanke ko akwai wadda ta taɓa jin an ƙera cokali don ƙofa. Ba wadda ta taɓa ji. Ya miƙar da shi da dutse, ya wanke, ya rubuta a littafi, ya kai ɗakinsa ya ajiye a matsayin shaida. Ya ce sakata ta gaskiya zai sayo, amma sai ya gama zagayen gano ɓarna tukuna.

Aziza sana'ar shinkafa take yi, ta dafa shanshera ta shanya ta kai inji. Ranar ta shimfiɗa tsofaffin buhuna ta baza shinkafa buhu guda a tsakar gida ta shiga ɗaki yin sallar azahar. Kafin ta sallame, awakin maƙwabta bakwai sun ture ƙyauren sun shigo. Ndakotsu ya bi su da littafi yana kora, ɗaya ta shige tsakanin ƙafafunsa, ya zauna daɓas a kan shinkafar. Da ya tashi yana kakkaɓe riga, sai ya yi mana bayani cewa laifin ba na ƙofa ba ne, na awaki ne, domin ciyawa aka yi musu ba shinkafa ba. Ya fara ƙarawa da cewa shi buhu ma ai na zuba kaya ne ba na shimfiɗa ba. Aziza ta ɗago ta dube shi. Bai ƙarasa ba.

Talata ya shiga kicin. Martha, matar Gaiya, tana soya cincin tana kai wa masu shaguna a Kasuwar Kure, kuma tana ajiye shi a wani kabad mai ƙafa huɗu, kowace ƙafa a cikin gwangwanin madara mai ɗan ruwa. Ndakotsu ya durƙusa ya daɗe yana nazari. Ya ce ko dai camfi ne, ko kuma wani ya ga kabad ɗin ya yi gajere. Martha ta ce don kiyashi ne. Ya ce kiyashi yana da maganinsa da aka yi dominsa, ana sayarwa a kemis. Ta ce ba wanda zai barbaɗa mata guba kusa da abincin mutane. Ya ce shi dai abin da ya sani, gwangwanin madara na madara ne, ranar da madarar ta ƙare aikinsa ya ƙare, sai bola.

Gaiya ya leƙo daga ƙofa.

"To Oga, kai da aka yi ka don sito, yanzu sito ya ƙare. Ina za mu ajiye ka?"

Wasu suka fara dariya suka haɗiye. Martha ta mintsini mijinta a hannu. Ndakotsu ya rufe littafinsa. Ya jira har Martha ta tafi kasuwa, ya ɗaga kabad ɗin ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe gwangwanayen huɗu.

Da safiyar Laraba Martha ta zo ƙofarsa ɗauke da babbar roba. Cincin ɗin ciki ya yi baƙi yana motsi. Ta ajiye a gabansa cikin ladabi, ta gaishe shi, ta tambayi kwanan iyali, sannan ta roƙe shi ya taimaka ya yi wa baƙin nan bayani cewa cincin don mutane aka yi shi, tunda ita ta yi ba su ji ba. Ndakotsu ya sunkuya zai duba irin kiyashin, suka hau hannun rigarsa. Sai ga shi a tsakar gida yana tuɓe riga yana marin wuyansa, yana faɗin ai da ma ya san za a fuskanci ɗan tangarɗa a kwanakin farko, haka ma aka yi lokacin da ya gyara sito a shekarar da aka kawo sababbin kujeru.

Da yamma Aziza ta bi ɗaki ɗaki. Ta kai wa Martha mudun shinkafa biyu, ta ce a yi haƙuri zuwa Asabar, mutum ne da bai saba zama ba aiki ba. Muka ce ba komai. Muna cikin cewa ba komai, shi yana bayan kicin yana warware robar tayar keke da aka naɗe bututun famfo da ita. Ya ce robar keke ta keke ce.

A layinmu Litinin da Alhamis ake kawo ruwa, kuma in ya zo ba ya wuce awa biyu. Alhamis tun da sassafe bokitai da jarkoki suka yi layi. Famfo ya yi tari sau biyu, sai ruwa ya zo. Amma ba ta baki ya fito ba. Ta wajen tsagewar da robar take rufewa ya yi tsiri, ya haye igiyar shanya, ya sauka a kan kayan makarantar da na goge. Mata suka yi ta bin ruwan da bokiti kamar masu kama fara. Aka ce a kawo robar. Ndakotsu ya ce an riga an shigar da ita littafi. Ya naɗe hannun riga, ya ce kowa ya kwantar da hankali, ya durƙusa ya danne tsagewar da babban yatsa.

Ruwa ya dawo bakin famfo. Ya dube mu yana murmushi. Sai dai ba damar tashi. Duk lokacin da ya ɗan sassauta, ruwan ya same shi a hanci. Haka ya zauna a durƙushe awa ɗaya da rabi, mata suna cika bokiti suna yi masa sannu ɗaya bayan ɗaya.

Gaiya ya zo da jarkarsa, ya tsaya a kansa.

"Oga, ina da tambaya."

"Ba na amsa tambaya a bakin aiki."

"Shi babban yatsa, don toshe famfo aka yi shi?"

"Wannan matakin wucin gadi ne."

"Robar ma ai wucin gadi ce. Shekararta huɗu."

"Shi ya sa ƙasar nan ba ta ci gaba," in ji Ndakotsu, ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

Da wani ne, da ya ga haka sai ya dakata. Ndakotsu kuwa sai ya ce abubuwan da ya yi zuwa yanzu ƙanana ne, shi ya sa mutane ba su gane ba. Babban aikin yana sama. A kan rufin kwanon jerin ɗakunansu akwai tsofaffin tayoyin mota guda biyar, waɗanda duk mai wucewa a titi yake gani. Ya ce wannan shi ne abin kunyar gidan. Taya ta mota ce. Abin da aka yi don riƙe kwano shi ne ƙusa, kuma ya sayo ƙusoshi cike da leda.

Jumma'a da hantsi ya aro tsani. Ya cire takalmi a ƙasa, don takalmi na taka ƙasa ne, ya hau da guduma a ɗamara. Da farko ya bi layi yana buga ƙusa, muna jin ƙarar daga ɗaki. Sannan ya fara gangaro da tayoyin. Ta farko da ta biyu suka faɗo suka kwanta. Ta uku ta sauka a tsaye, ta yi tsalle, ta nufi ƙofar gida, wadda har ranar ba ta da cokali ba ta da sakata. Ta fita titi ta bi gangare, ta ratsa tsakanin wanzamin da ke ƙarƙashin mangwaro da mutumin da yake yi wa aski. Mutumin ya shigo gidanmu da rabin kai a aske, rabi da kumfa, yana tambayar wane ne mai motar. Ndakotsu ya amsa daga sama cewa tambayar da shi ma yake yi ke nan tun ranar Litinin.

Ta huɗu ta faɗo lafiya. Ta biyar ta bugi tsani, tsanin ya kwanta a tsakar gida.

Lokacin ƙarfe ɗaya ta kusa, mazan gidan duk sun tafi masallaci. Wanda ya san rana a Minna cikin Afrilu ya san yadda kwano yake a wannan lokaci. Ndakotsu ya ɗaga ƙafar dama, ya ajiye, ya ɗaga ta hagu. Ya gwada zama, ya miƙe da sauri. Bai kira kowa ba, don bai so a ce ya nemi taimako. Yana cikin wannan rawa Gaiya ya dawo daga gareji cin abinci. Ya ɗauko kwanon abincinsa, ya zauna a kan ɗaya daga cikin tayoyin, ya ɗaga kai ya tambayi Oga yadda iskar sama take.

Ndakotsu ya ce lafiya lau, yana duba aikinsa ne. Gaiya ya ce tayoyin nan shi ya kawo su daga gareji shekara shida da suka wuce, shi da Baba Sheshi suka ɗora, don gara ta cinye katakon da ke ƙarƙashin kwanon. Ndakotsu ya ce wannan zancen ragwaye ne. Ya buga ƙusa arba'in, kuma kowace da bugu ɗaya ta shige.

"Bugu ɗaya?" in ji Gaiya.

"Ɗaya tak. Wasu ma da yatsa na tura su. Har yanzu da sauran ƙarfina."

Gaiya ya daina tauna. Ya dubi gabas, inda hadarin nan ya ɗan ƙara kauri. Ya ce in Oga ya yarda, shi zai mayar da tayoyin da yamma, ba sai kowa ya sani ba. Ndakotsu ya ce duk wanda ya taɓa tayar nan zai shiga littafi.

Aziza da Martha ne suka ɗaga tsanin suka riƙe masa. Ya sauko, ya rasa sallar Jumma'a, ya wuni a ƙofar ɗaki da ƙafafu cikin bahon wanki. Ba wanda ya tambaye shi ko don ƙafa aka yi bahon, saboda Aziza ta roƙe mu da ido.

Asabar ta zo da zafin da ya fi na kullum. Ba tare da shawara da kowa ba, Ndakotsu ya gayyato mai unguwa Zamani ya zama shaida, ya kuma gaya wa maƙwabta su zo su ga yadda ake gyara gida. Bayan la'asar tsakar gida ta cika. Har mutumin da aka yi wa rabin aski ya zo. A kan tabarma Ndakotsu ya jera kayan da ya ceto: cokali, gwangwani huɗu, robar keke, wata taɓarya da ya samu tana tokare tagar bayi, da tayoyi biyar a jingine da bango. Kowanne da 'yar takarda mai kyakkyawan rubutu, sunansa da ainihin aikinsa.

Na ajiye wasiƙar da za a aika wa Alhaji a kan benci kusa da mai unguwa, na ɗora kofi a kai. Sai na lura an riga an rubuta suna a gurbin da fensir. Ndakotsu ya ce don ya rage mini wahala ne. Sannan ya ɗauke kofin, ya miƙa mini, ya ce Malama, ke ma?

Ya fara jawabi. Ya yi bayanin cokali tun daga masana'anta. Ya ce bambancin mutum mai ilimi da wanda ba shi da shi, shi ne mai ilimi in ya ga abu yakan tambayi dalilin da aka yi shi. Mai unguwa, wanda dattijo ne mai ƙarancin magana, ya ce shi kuma yakan tambayi dalilin da ya sa aka ajiye shi a inda yake. Ndakotsu ya ce ai duk ɗaya ne, ranka ya daɗe. Ya juya ya nuna rufi da biro, ya ce a duba, tsaf kamar na ofishin gwamnati, kuma shi da kansa ya ba da tabbacin shekara ashirin.

Ganyen mangwaro ya motsa.

Iskar farko mai sanyi ce, har mutane suka yi ajiyar zuciya. Ta biyu ta kwashe 'yan takardun da ke kan tabarma, ta haɗa da wasiƙar Alhaji. Gari ya yi duhu lokaci guda. Ta uku ta zo da ƙara, sai muka ga gefen rufin ya ɗaga kamar ana buɗe murfin tukunya, ya koma, ya sake ɗagawa. Ƙusoshi suka fara zubowa tsakar gida ɗaya ɗaya.

Ndakotsu ya ce kada kowa ya damu, kwano yana daidaita zamansa ne.

Falle uku suka tashi tare. Biyu suka naɗe suka rataya ta baya, ɗaya ya tashi sama ya yi juyi ya sauka a gidan masu awaki. Daidai kan ɗakin Ndakotsu ne, har ta ƙofa muna hango silin ɗinsa da ya ɓule da ƙafar gadonsa. Sai ruwa ya fara sauka, manyan ɗigo masu nauyi.

Aka watse. Mai unguwa ya fizgi farantin da aka kawo masa ruwa a kai ya kifa a kan hularsa. Awaki, da ƙarar kwano ta firgita su, suka ture ƙyaure suka shigo a guje, suka bi ta kan tabarmar shaida. Ndakotsu yana tsaye a tsakiya yana buɗe littafi yana rufewa.

Muryar Aziza ce ta tsayar da mutane. A shekarun da na yi a gidan ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ranar ma ba ta ɗaga sosai ba. Ta ce Gaiya ya ɗauko tsani, iskar za ta lafa in ruwan ya kankama. Ta sa maza biyu su je su karɓo fallen da ya yi ƙaura. Ta tokare ƙafar tsanin da taɓaryar nan, ta ɗauki robar keke ta cilla wa Gaiya ya ɗaure kwanon da katakon da ya rage da rai, ta nuna masa ko wanne ne, na uku daga bango. Ta sa aka yi layi ana miƙa tayoyi sama hannu da hannu. Martha ta kori awaki, Aziza ta lanƙwasa cokalin a gwiwarta ta zura a ƙofa. Gwangwanayen huɗu kuwa Rashidatu ta kwashe ta tara wa ɗigon da ke zuba a kan littattafanta.

Da Gaiya ya sauko jiƙe sharkaf, sai ya ga Ndakotsu a gindin tsani, ya riƙe shi da hannu biyu, kansa cikin bokiti.

"Oga, bokiti fa na ruwa ne."

Murya ta fito daga cikin bokitin.

"Ruwan nake tarewa."

Muka taru a baranda ana ta ruwa. Aka nemi wasiƙa. Martha ta ce ta ga ƙarshenta a bakin wata jar akuya, daidai wajen sunan da aka rubuta da fensir. Mai unguwa ya sauke farantinsa, ya matse hula, ya tambayi wanda ya fara sa cokali a ƙofar nan. Aka ce Maman Rashida. Robar famfo fa? Maman Rashida. Martha ta ce gwangwanin ma ita ta koya mata. Gaiya ya ce tayoyin shi ya ɗora, amma Maman Rashida ce ta gaya wa Baba Sheshi katako ya mutu, don ita take share garin katakon da ke zubowa a kan shinkafarta. Ya ƙara da cewa shekara uku na ƙarshe Baba Sheshi ko tsakar gida ba ya iya ratsawa, amma ba mu taɓa jin gidan ba shi da mai kula ba.

Mai unguwa ya ce to shi bai ga abin da za a zaɓa ba, gidan yana da wakili tuntuni, suna ne kawai ba a rubuta ba. Wani ya tambaya ko Alhaji zai yarda da mace. Mai unguwa ya ce ya san Alhaji Ndanusa shekara arba'in, abin da yake so shi ne ya ji rufinsa yana inda ya bar shi, kuma shi zai sa hannu a ƙasa. Ya laluba aljihu ya fito da makullin ɗakunan da Baba Sheshi ya bar masa, ya miƙa wa Aziza, ya ce ko ba komai yau ba su da wurin kwana.

Aziza ba ta karɓa nan da nan ba. Ta dubi mijinta. Kowa ya dube shi.

Ndakotsu ya ajiye bokitin. Ya daɗe yana kallon makullin, sannan ya gyara tsayuwa ya ce alhamdu lillahi, gwajin ya yi nasara. A sito ma haka suke yi, ba a sanin amfanin abu sai an cire shi an ga abin da zai faɗi. Yanzu ga shi cikin kwana shida ya gano wa gidan amfanin cokali, da gwangwani, da roba, da taya, da kuma wanda ya dace da wakilci, wanda da ma tun farko ita yake nufi.

"Sunan wa ka sa da fensir, Oga?" in ji Gaiya.

"Je ka tambayi akuya."

Ranar Lahadi, bayan su Gaiya sun dawo daga coci, na sake rubuta wasiƙar, kowa ya sa hannu. Ndakotsu ne ya fara, da dogon sa hannunsa na ofis. Ya ce kai wasiƙa gidan waya aiki ne na wanda ya san ka'ida, don haka shi zai kai. Aziza ta ce da ma ba ta da wanda ya fi shi.

Litinin da safe, gari ya yi sanyi, ƙasa tana ƙamshi. Na tsaya a ƙofar sabon ɗakinsu don mu fita tare, tunda gidan waya a kan hanyata yake. Ambulan ɗin da ya tanada ya sha danshi ranar Asabar, bakinsa ya ƙi kamawa. Ya lasa, ya danna, ya buɗe. Ya nemi gam a akwatinsa, ya tarar ya bushe tun zamanin sito. Aziza tana ɗumama tuwon shinkafar jiya. Ta gutsuro ɗan kaɗan ta ɗora a gefen faranti ta tura gabansa.

Ya dubi tuwon. Ya dube ni. Na juya ina gyara jakata.

Muka kama hanya har gidan waya. Ya sayi kan sarki, ya liƙa shi daidai a kusurwa, ya juya ambulan ɗin ya gwada bakinsa da farce. Ya kama ƙam. Ya karanta adireshin Alhaji sau biyu, ya zura wasiƙar a akwati, ya kasa kunne har ya ji faɗuwarta. Sai ya lura da sauran tuwo da ya maƙale a gefen babban yatsansa. Ya ɗan yi nazarinsa, ya kai baki ya lashe.

"Wannan dai," ya ce, "ya koma bakin aikinsa."